Tsakar gida ta koma siminti, miya ta koma kasuwa

A Marwa ta arewacin Kamaru yanzu, alamar mutum ya samu ita ce ya malale tsakar gidansa da siminti tun daga bakin zaure har ƙofar ban ɗaki, ko ya shimfiɗa pave, wato bulon daɓe, idan samun ya yi kauri. Ba a barin ko tafin hannu na ƙasa. Maigida ya ce ya huta da ƙura da taɓo, uwargida ta ce shara ta yi sauƙi, baƙi su shigo su ce masha Allah. Gari na wayewa kuma a ba yaro kuɗi ya je bakin titi ya sayo yakuwa ƙulli biyu da ɗanyar kuɓewa kashi ɗaya, ya dawo a yi ta salati a kan yadda kashin ya ƙanƙance. Ni a ganina simintin da salatin magana ɗaya ce, kuma ta wuce sha'anin gida, ta zama ta unguwa da ta gari, don ruwa da awaki da filaye da iri duk sun shigo cikinta.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce lambun tsakar gida zai ciyar da gida ba. Tuwo daga gona yake fitowa: gero da dawar damina, masakwar da ake dasawa a karal, wato ƙasar laka, bayan ruwa ya ɗauke, shinkafar Yagwa da Maga. Duk wanda ya ce maka fangali biyu a bayan ɗaki za su fitar da kai daga talauci, to ko dai bai taɓa riƙe fartanya ba, ko kuwa akwai abin da yake son sayar maka. Abin da tsakar gida ke iya bayarwa shi ne mahaɗi. Sai dai kowane magidanci ya san ba a kan buhun dawa ake ɓata rai da safe ba. Hatsi sau ɗaya ake aunowa a ajiye, a yi wata ana ɗiba. Kuɗin cefane kuwa kullum ne. Ita ta ce ba su isa ba, shi ya ce jiya ma haka ya bayar kuma an ci an ƙoshi. Babu maƙaryaci a cikinsu, kasuwa ce ta motsa tsakanin jiya da yau.

Abin da ke motsa ta kuwa ba a Marwa yake ba. Kayan miyan da muke saye a rani, yawancinsu daga lambunan gefen kogunan Mayo Tsanaga da Mayo Kaliyawo suke zuwa, da irin su Meskin da kowa ya sani da albasa. A can rijiya ake haƙawa a ja ruwa da inji, injin kuma fetur yake sha, kuma shekara da shekaru zuwa-zuwa ne ake ɗura masa, wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Ranar 29 ga Mayun 2023 Bola Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya ƙare, ba a jima ba kwalbar zuwa-zuwa ta tashi a bakin titunanmu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Gidan mai ma bai zama mafaka ba, don lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024. Kafin nan takin zamani ya riga ya yi tsada tun da Rasha da Yukren suka kama yaƙi a 2022. Mai lambu ba azzalumi ba ne idan ya rage kashi. Fetur ya saya, taki ya saya, ɗan kilando, wato ɗan acaɓa, da ya ɗauko masa kwanduna zuwa kasuwa shi ma ya ƙara kuɗi.

Ga kuma abubuwan da ba na kuɗi ba. Tsutsar nan da manoman Kano da Kaduna ke kira sharon, wadda ta cinye musu tumatir a 2016, ba ta san inda iyaka take ba. Gadar Palar ta karye a 2020, hanyar Mora da Kuseri ta rikice. Ambaliyar 2024 ta shanye gonaki a Yagwa da Maga da kewayen Kuseri. Albasar ma da muke tinƙaho da ita, da zarar an cire ta a tsakanin Fabrairu da Afrilu, manyan motoci ne ke layi su kwashe ta zuwa Yawunde da Duwala har Gabon, wurin waɗanda suka fi mu iya saye. Watanni kaɗan bayan haka sai ka ga ɗan garin albasa yana yanka guda ɗaya gida biyu, rabi yau rabi gobe. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ni ko kai za mu iya hanawa. Amma zogalen da ke jikin katangarka bai san an cire tallafi ba, kuma ba ya bin ta kan gada kafin ya iso tukunya.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce: ina ruwan yake? Daminarmu gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, mayo ya koma rairayi tsantsa har sai an tona rami a cikinsa kafin a ga danshi, famfo ya yi kwanaki yana hura iska, mata su riƙa sayen jarka daga masu turin kura. Wanda ke sayen ruwan sha da jarka, ka ce masa ya shayar da tumatir, ya isa ya zage ka. To amma a fita da hantsi a bi lungunan Domayo ko Kakatare a duba ƙasa. Kowane gida da rariyarsa, kowace rariya da baƙin ruwa yana tsiyaya, ya taru a tsakiyar lungu ya yi kore, yara na tsallake, masu babur na zagi. Ruwan nan da kuɗi aka saye shi. An yi amfani da shi sau ɗaya aka tura wa maƙwabta.

Gwaggona tana zaune a Dugoi, a tsohon gidan ƙasa da har yanzu ba a taɓa masa tsakar gida ba, kuma rariyarta a bushe take kusan kullum. Ba wani ilimin boko ta yi ba, ruwa ne take rabawa gida-gida. Wanda aka wanke shinkafa ko gero da shi, da na ɗaurayar ganye, da na ɗaurayar kwanuka ta ƙarshe, duk a tsohon bokiti ɗaya suke taruwa. Wurin alwala kuwa wani faffaɗan dutse ne da ta ajiye a gindin kabewa, duk wanda ya ɗauki buta a gidan nan ya san inda zai tsuguna. A jikin katangar gabas ta jera zogale, ba ta barin ko ɗaya ya wuce ƙirjin mutum, da ya miƙe sai ta sare kan, ya fasa rassa ya cika da ganye inda hannu ke kaiwa. Abin da ya fi burge ni shi ne wata tsohuwar tukunyar ƙasa da ta binne har wuya, ta rufe bakin da murfin kwano, ta shuka kuɓewa huɗu a kewaye. Tukunyar take cikawa, ba ƙasar take jiƙawa ba. Ruwan yana tsatsafowa ta jikin yumɓun a hankali, saiwoyin su zo su manne, rana ba ta samun abin da za ta sha. Saman ƙasar kuma ta rufe shi da ɓawon gyaɗa, tana barbaɗa toka saboda gara.

Na taɓa ce mata, "Gwaggo, wannan wahala haka, ai yakuwar nawa take a kasuwa?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ranar da kake da kuɗin ne take da araha. Miƙo min butar can." Na miƙa mata.

Mafi yawan waɗanda suka gwada suka watsar, lokaci ne suka saɓa. Mutum ya ga tumatir ya yi tsada a Afrilu, zuciya ta ɗebe shi ya je ya sayo iri ya shuka a cikin wannan wuta. Tumatir kuwa idan zafi ya wuce kima furensa zubewa yake yi, ka yi ta ban ruwa kana kiwon ganye, ƙarshe ka ce ƙasar gidanka ba ta da albarka. Shekarar lambun gida kashi uku ce. Da damina Allah ne ke ban ruwa, sai a cika ko'ina da kuɓewa da yakuwa da rama da lalo, a saki kabewa ta hau rumfa. Kuɓewa wata biyu take fara bayarwa, kuma tana son a riƙa tsinka duk bayan kwana biyu ko uku, in aka bari ta ƙosa sai uwar ta rage haihuwa. Wannan ne lokacin da ake yin rarar da za a yanka a shanya, kuɓewa a rana, ganye a inuwa don kada ya ƙone ya yi fari, a daka a ɗura a gwangwani. Daga Oktoba zuwa Fabrairu, da sanyi ya sauko, shi ne lokacin tumatir da tattasai da latas da karas da 'yar albasa ko don lawashinta. Da bazara ta kama kuwa sai a saki. A bar zogale, wanda ba ya neman abu mai yawa, da daro ɗaya na alayyafo a ƙarƙashin rumfa, wanda mako uku zuwa huɗu ya isa yanka. Sauran miyar bazara tana cikin gwangwanin da aka cika tun kaka. Iyayenmu ba su taɓa cin ɗanyar kuɓewa a watan Afrilu ba, kuma ba su ɗauki hakan talauci ba.

Akwai ruwan da bai kamata ya kusanci shuka ba, kuma a nan ba na wasa. Ruwan wanki mai omo da jabel, wato bilic, yana ƙona saiwa yana kashe ƙasa. Ruwan da aka wanke wa yaro kashi da shi, da duk abin da ya fito daga ban ɗaki, wurinsa rami. Fangali kuma ba a yin sa a jikin masai. Wanda ya ga kwalarar 2010 a wannan jiha ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ruwan da aka riga aka yi amfani da shi, a gindin shuka ake zuba shi, ba a kan ganye ba, kuma ga abin da za a dafa. Latas da duk abin da ake ci ɗanye, ruwa mai tsabta ko a haƙura da su. Masu cewa shuka na kawo sauro kuwa, su gaya mini wanne ya fi tara shi: ruwan da ƙasa ta shanye cikin minti biyar, ko wanda ya kwana bakwai a kwance a lungu?

Wannan ne ya sa nake cewa simintin mutum ba nasa ba ne shi kaɗai. Gidan da aka rufe da kwano aka malale ƙasansa, duk ɗigon da ya sauka a cikinsa da damina waje yake fita, a guje, a lokaci guda. Gida goma su yi haka a lungu ɗaya, sai ruwan ya nemi katangar ƙasa ta talakan da ke gangare ya kwanta a gindinta har ta zauna. Kowace shekara muna zuwa jaje irin wannan, mu ce ikon Allah, alhali da hannunmu a ciki. Da bazara kuma simintin ya wuni yana shan rana, da dare ya riƙa amayar da ita, mutanen gidan su rasa inda za su shimfiɗa tabarma, sai an yi ta kwara masa ruwa kafin a iya kwanciya. Ruwan da aka ce babu na shuka, ga shi ana shayar da daɓe.

Meri, wato hukumar gari, ce ke ba da takardar izinin gini. Ban ga abin da zai hana ta sa sharaɗin a bar wani yanki na kowane fili a buɗe ba, ko da zira'i biyu ne a jikin katanga, ƙasa tsirara wadda ruwa zai iya shiga. Ba ta tilasta wa kowa shuka ba, ta dai hana a toshe. Kuma ba sabon abu ba ne hukuma ta sa baki a irin wannan. Dogon yaron da ya yi wa titunan Marwa rumfa, wanda baƙo ke fara yabawa kafin ya yabi komai, ba da kansa ya tsiro ba. Mutane ne suka dasa suka yi ta ban ruwa, kuma gwamnati ta yi shirin Sahel Vert a shekarun 1970 don yaƙi da hamada, ta sake tayar da shi a 2008. Idan an iya sa gari ya dasa itacen inuwa, ana iya sa shi ya bar wurin itacen miya. (Sai dai kada a yi fangali a gindin dogon yaron, inuwarsa da saiwarsa ba sa barin komai ya yi ƙwari.)

Inda abin ya fi wuya shi ne gidajen haya, kuma mu Hausawan gari da yawanmu a ciki muke. Na taɓa roƙon wani mai gidan haya lokacin da yake ƙara ɗakuna, na ce, "Alhaji, don Allah a bar mana ɗan wurin nan na bayan madafa." Ya yi dariya ya ce, "Malam, ɗaki ne ke kawo kuɗin wata, zogale ba ya biyan haya." A lissafinsa bai yi kuskure ba, shi ya sa ba a bar wa lissafinsa maganar ba, doka ce ya kamata ta tsaya a tsakani. Kafin ta zo, ɗan haya yana da buhu. Tsohon buhun shinkafa, a cika shi da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin awaki, a huda gindin, ya ɗauki kuɓewa biyu ko attarugu ɗaya ko yakuwa. Ruɓaɓɓe na ce, don ɗanyen taki, musamman na kaji, ƙona shuka yake yi. Ranar da aka ba ka notis ka ɗora lambunka a kura tare da katifa.

Sai awaki. Duk wanda ya taɓa shuka a gari ya san wannan baƙin ciki: wata biyu kana lallaɓa abu, yaro ya bar ƙofa a buɗe minti goma, ka fito ka tarar da sanduna. Ka je wurin mai akuya ya ce maka dabba ce, ba ta da hankali. Wani ma, don ya ƙona maka rai, ya jawo maka hadisin nan ingantacce da ke cewa Musulmi ba zai dasa itace ko ya yi shuka ba, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci, face an rubuta masa sadaka. Hadisin gaskiya ne, amma ba a saukar da shi don a saki akuya ba. Shari'a ta riga ta raba wannan gardama. Lokacin da taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta cewa tsaron lambu da rana yana kan masu shi, ɓarnar da dabbobi suka yi da dare kuma masu dabbobin ne za su biya. Yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da malamanmu ke karantarwa a zaure. A Suratul Anbiya ma, aya ta 78, shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan gonar da tumakin mutane suka shiga da dare ce. Hukuncin ya ɗora wa kowa nasa. Ni mai shuka, darni da ƙyaure wajibina ne, in na yi sakaci da rana kada in kai ƙara. Kai mai akuya, da magariba ta yi ka ɗaure abarka. Abin da ya rage shi ne lawan da jauro da masu unguwanni su faɗe shi a fili, su kuma tsaya a kansa ranar da akuyar ta zama ta wani babba. Ni ban ƙi kiwo ba, kashin awakin nan shi ne takinmu. Maƙwabcin da zai ɗaure akuyarsa ya ba ni taki, ni kuma in ba shi ganyen da na sassabe, mun fi ƙarfin zuwa gaban kowa.

Tun wajen 2014 da rikicin Boko Haram ya tsananta a kan iyaka, ƙungiyoyin agaji sun cika Marwa, kuma da yawansu suna da shirin lambun mata. Niyyar mai kyau ce, don jiharmu tana cikin waɗanda tamowa ta fi kama yara a duk Kamaru, kuma ganye a miya kullum yana cikin maganin abin. Amma na halarci wani rabon da aka yi a unguwarmu, abin da aka miƙa wa mata shi ne 'yan fakitin irin kabeji da latas da karas, da bokitin ban ruwa mai rariya, aka ɗauki hoto aka tafi. Kabeji shuka ce mai shan ruwa da jawo tsutsa. Irin fakitin kuma da yawansa haɗaɗɗe ne, wanda in ka ajiye 'ya'yansa ka shuka baɗi ba za su fito kamar uwarsu ba, dole ka koma kanti. Matar da aka ba wannan an ɗora mata sabon cefane ne. Da an tambaye ta, da ta ce a ba ta waya ta kewaye wurin saboda kaji da awaki, iri kuwa tana da shi ko maƙwabciyarta na da shi, a ƙulle a tsumma cikin toka.

Irin nan na tsumma shi ne dukiyar da nake jin tsoron ɓacewarta. Kuɓewar da ta saba da zafinmu, yakuwa ja da fara, gauta, gasaya, barkonon da tsofaffi ke ajiyewa, duk a hannun mata masu shekaru suke, kuma kowace tsohuwa ta rasu aka raba gida aka malale, wani iri ya tafi ke nan. Ajiye shi ba wuya: a zaɓi uwar da ta fi lafiya, a ɗaura mata ƙyalle don kada yara su tsinke, a bar 'ya'yan farko su bushe a jikinta. Muna da cibiyar binciken noma ta IRAD a nan garin, muna da Jami'ar Marwa tun 2008. Ina ma a ce ɗalibai za su bi gida-gida su tattara waɗannan irin, a rubuta sunayensu da inda aka samo su, a yawaita su a mayar wa mutane. Aikin da za a yi da kuɗin kilando ne, ba sai an jira Turawa ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne magani. Muna cikin ƙasar auduga, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa maganin ƙwarin da aka yi don auduga yana ƙarewa a kan tumatir da kabeji. A jikin kowace kwalba an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, ga mai lambun da dillali ke tsaye a kansa da mota. Tumatir ɗin da ya fi sheƙi a faranti ba lallai ne ya fi lafiya ba. A gida kuwa, shuka goma ce ko ashirin, ana iya bin su da hannu da sassafe a tsince tsutsa. In abin ya yi yawa, ga 'ya'yan dogon yaro zube a kowane titi: a daka, a jiƙa su kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Ba ya kashewa nan take kamar na kanti, hana ƙwarin ci yake yi, don haka sai an maimaita. Zogale kuma, tunda na yi ta yabonsa, bari in faɗa: abinci ne mai gina jiki, ba maganin cuta arba'in da masu lasifika ke tallarsa a kasuwa ba. Mai ciwon suga ya ci kwaɗonsa, ya kuma je asibiti.

Maza kuma kada mu karanta wannan mu juya mu ce wa mata, kun ji, sai ku tashi. Matar da ta wuni tsakanin murhu da wanki da goyo ba ta rasa aiki ba. Tsinka da shanya da ajiyar iri sun fi mu iyawa, kuma in an samu rara aka sayar wa maƙwabta, kuɗin nata ne, wanda ga macen da ba ta fita ba ƙaramin abu ba ne. Amma haƙa da ɗauko taki da kafa darni da cika tukunya da asuba, wannan na maigida ne da samarin gidan, waɗanda ke iya wuni a gindin bishiya suna gardamar Coton Sport da Real Madrid amma suna jin kunyar a gan su da fartanya a cikin gari. Wai ƙauyanci ne. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan da fatauci da jima da ɗinki da malanta, babu wanda bai da kabewa a kan dangarsa, kuma ba su fi mu ƙauyanci ba.

Idan ana neman inda za a fara a gani da ido, ni masallaci zan nuna. Babu wurin da ake zubar da ruwa mai tsabta a unguwa kamar wurin alwala: sau biyar a rana, kowace rana, rani da damina, ba sabulu ba maiƙo, kuma kusan ko'ina bututu ne aka sa ya kai shi titi. Kwamitin masallacin da ke iya tara kuɗin fanka da tayil yana iya sayen bututu mai tsawon mita biyar ya karkatar da ruwan zuwa wani ɗan rami mai tsakuwa a jikin katanga, nesa da ban ɗaki, a jera zogale goma a bakinsa a kewaye da waya. Reshe ake yankowa mai kaurin hannu a kafa da farkon damina, ba a ma sayen iri. Na san gardamar da za ta biyo baya, don na san mutanenmu: wa zai ci ganyen? Liman ko ladan ko wanda ya ba da bututu? A yanke wannan tun kafin a dasa. Ni shawarata a ba makarantar allon da ta fi kusa, almajirai su riƙa kula da shi suna tsinka ranar Alhamis da ba su da karatu, a kai wa matar malam ta sa musu a tukunya.